Yarinyar da Ta Ɓuya a Motar Mishan

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke cikin kaina, akwai wata Lahadi a Sakkwato da na tabbata ba za ta bi sauran ba. Ba zan taɓa mantawa da ita ba. Yau idona ya yi rauni, ko zare ba na iya zurawa a allura, amma ranar nan ina ganinta tar kamar jiya aka yi.

Zamanin Turawa ne, lokacin da motoci ba su daɗe da fara shiga garin ba, har in mota ta wuce sai yara su bi ta da gudu suna shinshinar hayaƙinta. Ni da maigidana baƙi ne, aiki ya kawo mu daga ƙasar Zazzau. Shi kafinta ne a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, ni kuma ina da keken ɗinki na hannu. Mu Kirista ne, muna zaune a bayan gari tare da sauran baƙi irinmu. Amma cinikina a cikin birni yake, domin matan kulle ba sa fita, ni ke bin su gida gida, in auna su, in ɗinka, in kai musu.

Gidan da na fi sabawa da shi yana kusa da Ƙofar Taramniya. Mai gidan wani dattijo ne malami, wanda manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. Ɗansa falke ne mai fataucin tufafi, kullum yana kan hanya. Matar ɗan nan ita ce ta zama ƙawata, har nake ce mata Yaya ko da yake na girme ta. 'Yarta ɗaya, kuma ta fari, yarinya ce mai kamar shekara shida, ga surutu ga ƙiriniya. Saboda kunyar ɗan fari uwar ba ta kiran sunanta, ba ta wasa da ita a gaban mutane, sai dai ta ce "waccan". Yarinyar kuwa sai ta liƙe mini. In na shiga gidan tana gindina, tana tsince ƙyallaye, tana kirana Inna mai keke.

Cocinmu ɗaki ne na laka mai jinka, can bayan barikin 'yan sanda. Masu zuwa kuwa a warwatse suke: leburorin hanya a sansaninsu, kuku da boyi-boyi na gidajen Turawa, matan 'yan sanda da 'ya'yansu. Wasu sukan so zuwa nisa ya hana su. Sai Baturen mishan, wanda shi ne fastonmu, ya samo wata tsohuwar babbar mota mai jikin katako, irin wadda sai an murɗa mata ƙarfe a hanci take tashi. Ya ce yana neman wanda zai ba da kansa, ba biya, ya riƙa bin motar kowace Lahadi ana kwaso mutane ana mai da su. Ban bari ya rufe baki ba na ɗaga hannu. Gwamnati ta gindaya mana sharaɗi: ba wa'azi a cikin birni, motar kuma ba za ta wuce ƙofar gari ba. Saboda haka iyakarmu wata tsamiya ce da ke nesa kaɗan da Ƙofar Taramniya, inda wasu iyalan leburori ke jiranmu.

Gaskiya na ji daɗin aikin nan. Ni ke ɗaga yara in miƙa su sama, ni ke ba tsofaffi hannu, ni ke ta da waƙa in mota ta kama hanya. Ka ga mutumin da ya yi mako yana fasa dutse, ba mai jin yarensa, ya hau motar nan fuska a ɗaure, kafin mu isa ya saki jiki yana tafi. Na koyi gaisuwa cikin harsunan da ban taɓa sanin akwai su ba. In muka tarar da mara lafiya a sansani, a hanyar dawowa mu biya da shi ɗakin shan magani. Ni da ba ni da dangi a duniya sai na wayi gari ana ce mini inna, ana ce mini goggo, ta ko'ina.

Amma kada wani ya ce muku aikin sa kai daɗi ne zalla. Lahadin da kowa ke hutawa ni ban san hutu ba. Yashin Sakkwato kuma ba ya ragawa mota. Ta kafe, mu sauko mu ɗaura ɗamara mu tura, rana na dukanmu. In dawo gida bayana kamar zai tsinke, ga tuwon maigida ban ɗora ba. Ɗinkin mutane ya riƙa makara. Wasu gidaje a birni da suka ji ina bin motar mishan suka fara karɓata da sanyin jiki. Akwai kuma wani abu da ban gane illarsa ba sai daga baya: fasto yana murna in ya ga mota ta cika, mu ma muna murna. Sai ya zama duk yaron da ya ɗaga hannu a gindin mota, ɗaga shi nake yi, ban tsaya tambayar ɗan wane ne ba.

Yarinyar ƙawata ta sha ce mini, "Inna, yaushe za ki sa ni mota?" Ni kuma in ce, "Sai kin girma." Ashe ita ba ta da niyyar jiran girma.

Lahadin da nake ba ku labari, an kawo sababbin leburori da iyalansu, gindin tsamiya ya cika da fuskokin da ban sani ba. Aka yi ta turereniya, ana miƙo yara ta baya, wasu na hawa ta gefe ta kan taya. Muka tafi muna waƙa, muka isa coci, aka shiga sujada. An yi nisa, fasto na tsakiyar wa'azi, sai na ji an ja mini zane ta baya. Wata 'yar murya ta ce, "Inna, ƙishirwa nika ji."

Na waiwaya. Ita ce, da ɗan kallabinta a karkace, da ƙoƙon da aka aike ta da shi gidan goggonta a hannu. Ashe tana hanyar aiken ta hango motar, ta hango ni, ta bi yara ta hau ta laɓe a bayan wata mata.

Na ja ta waje, na ba ta ruwa. Ita ko a jikinta, sai ba ni labari take yadda itatuwa ke gudu da baya. Na dubi rana, ta kusa tsaka. Tun hantsi ke nan ba a san inda take ba.

Na aika aka kira maigidana da direba, fasto ma ya yanke wa'azi ya fito. Da ya ji 'yar wace ce, fuskarsa ta yi ja. Ya san abin da ake faɗa a gari, cewa 'yan mishan satar yara suke yi su mai da su nasu. Ya ce, "Kada kowa ya yi gaggawa. Bari in je wurin Di'o, Baturen mulki, ya ba mu ɗan sanda, a mai da ita bisa doka, kada a taɓa kowa."

Direba ya ce shi dai ba zai kai mota kusa da ƙofar nan ba yau, ƙone ta za a yi da shi a ciki.

Maganarsu duka da hujja, ba zan ce tsoronsu na banza ba ne. Amma ni wani abu daban nake ji, wanda ban taɓa faɗa wa kowa a garin ba sai maigidana. Na ce, "Fasto, ni ma an taɓa ɗauke ni. Ban wuce yarinyar nan ba mahara suka kama ni a bakin rafi. Turawa suka tare ayarin a hanya, suka kai ni gidan da ake renon yaran da aka 'yanta, a can na tashi. Ban san sunan garinmu ba. Har yau ban sani ba ko uwata ta daina leƙen hanya. Yanzu haka akwai wata mata a bayan katanga tana jin abin da uwata ta ji. Ba zan ƙara mata ko ƙiftawar ido ba don jiran ɗan sanda. In kuma aka ga ɗan sanda ya kawo ta, cewa za a yi kama mu aka yi da ita."

Fasto ya ce, "To, ki tafi. Zan bi ta wurin Di'o in gaya masa da bakina. Allah ya tsare."

Maigidana ya gyara takalmansa. Na kwance mayafina na goya yarinyar, duk da ta wuce goyo, ƙafafunta na dukan cinyoyina. Muka kama hanya a ƙasa, rana tsaka, yashi na ƙona tafin ƙafa. Ba mu yi nisa ba barci ya kwashe ta, kanta ya kwanta a wuyana. Ni kuwa addu'a nake, ba ma da kalmomi ba.

Tun kafin mu shiga ƙofar muka ji hayaniya. Da muka karya kwana na ga abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi: maza sun kewaye rijiyar unguwa suna riƙe da igiya, sun zura wani saurayi ciki yana laluben gawar yarinyar. Tsofaffin mata na tsaye a bakin zaure suna salati. Ashe kuma wata mai sai da fura ta ce ta ga yarinya mai kama da ita a gindin motar mishan, maganar ta riga ta zaga unguwa.

Wani ya hango mu ya ɗaga murya, "Ga ta nan! Ita ta, matar mishan!"

Kafin in buɗe baki an yi mana zobe. Wannan na cewa ɓarauniya, wancan na cewa a duba ko an yi wa yarinyar wani abu. Fuskokin da na sani, waɗanda na ɗinka wa matansu kayan salla, na ga sun koma baƙi. Maigidana ya sha gabana ya buɗe hannuwa. Wani hoge ya taso daga baya ya same shi a goshi, jini ya ɓalle ya rufe masa ido. Bai ɗaga hannu ba, bai ja da baya ba. Yarinyar ta farka ta fasa kuka, ta ƙanƙame wuyana har numfashina na ɗaukewa.

Sai na ji an ce, "Ku dakata."

Dattijon ne ya fito daga zaure yana dogara sanda. Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit, aka buɗa masa hanya. Na durƙusa da goyon a bayana na ce, "Allah gafarta Malam, ga ta. Ban san ta hau ba sai a can."

Ya ce, "Sauke ta, ɗiyata."

Na sauke ta. Ya dafa kanta, ya juya ta gaba da baya, ya duba ta sarai. Da ya yi magana sai ya yi ta da wasan da ke tsakanin kaka da jika. Ya ce, "To amarya, kin gudu kin bar ni? Wa yas sa ki mota?"

Ta ja majina ta ce, "Ni na hau da kaina."

"Mi anka yi miki can?"

"Waƙa sunka yi. Inna ta ba ni ruwa." Sai ta ƙara da cewa, "Tsoho, motar ta hi jakinka gudu."

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya tana share hawaye, wasu suka bi ta. Dattijon ya ɗago ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Jama'a, kun taɓa jin kura ta ɗauki akuya, ta goyo ta, ta maido ta garke da rana tsaka? Matar ga ta san abin da ka jiranta nan, ta taho da ƙahwarta. Ku hiddo yaron can daga rijiya. Wanda kuma yaj jehi baƙon ga, ya san Allah ya gan shi."

Aka jawo saurayin nan duk jikinsa laka. Dattijon ya kama hannun maigidana da kansa ya shigar da shi zaure, ya sa aka kawo ruwa aka wanke masa goshi, ya ba shi haƙuri har sau nawa. Ni kuma ya ce in shiga da yarinyar wurin uwarta.

Na tarar da ƙawata a ɗakinta, zaune a ƙasa, mata sun kewaye ta, surukarta na gefe. An ce tun da aka rasa yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba, kunya ta hana ta. Da muka shiga ba ta tashi ba, ba ta rungume ta ba. Fuskarta ta kawar ta dubi bango. Amma da yarinyar ta zo ta zauna kusa da ita, na ga hannunta ya fito daga ƙarƙashin mayafi a hankali, ya kama idon sawun yarinyar, ya riƙe gam. Kafaɗunta na girgiza. Na ce, "Yaya, ki gafarce ni." Ba ta amsa ba, ni ma ban ƙara ba. Na fito ina kuka kamar ni aka mayar wa uwata.

Abin bai wuce haka kawai ba. Di'o ya kira fasto ya yi masa faɗa, ya hana motar fita har wani lokaci. Mutanen sansani suka koma tafiya a ƙasa, tsofaffi suka daina zuwa. Gidaje da dama a birni suka aiko aka karɓi yadinsu ba a ɗinka ba, wasu ba su sake kirana ba har na bar garin. Na ce wa maigidana na bar aikin motar nan, abin da ba a biyana ya ja mini asarar abin da ake biyana, ya kusa ja masa ido. Ya taɓa tsumman da ke ɗaure a kansa ya ce, "Ni aka fasa wa goshi, ban ce ki bari ba. Ki dai gyara."

Bayan 'yan kwanaki dattijon ya aiko in zo. Na durƙusa a bakin zaure. Ya ce, "Ɗiyata, addininku naku na, namu namu na, ba wannan ba ta sa na kira ki. Na ji kuna kai marasa lahiya magani, wannan alheri na. Amma ki riƙe magana guda. Ɗa ba na hanya ba ne, na gida ne. Wanda bai yi sallama a gida ba, ba ya da hurumin ɗaukar ɗan gida, ko da aljanna zai kai shi."

Na kai wa fasto maganar nan yadda aka faɗa mini ita. Ya jinjina kai ya ce dattijon ya yi gaskiya. Da aka sake ba motar izini sai muka sauya tsari. Ranar Asabar nake bin sansani da bariki ƙofa ƙofa, in gaida iyaye, in ji wa zai zo gobe. Yaron da ban san uwarsa ba, ko wanda ba babba tare da shi, ba ya hawa, ko zai yi birgima a ƙasa. Aikin ya ƙaru, yanzu har Asabar ɗina ya ci, motar kuma ba ta cika kamar da. Amma a yawon nan ne na san mutanen da na daɗe ina ɗauka ban san su ba. Na san wadda mijinta ya rasu ba ta da mai rarrashi, na san wadda ke fama da ciwo tana ɓoyewa. Da ina ɗaukar kawuna ne, yanzu na koma ɗaukar mutane.

Ƙawata kuwa sai da damina ta wuce ta aiko mini da yadi. Na je ina ɗari-ɗari. Ina auna ta, ba kowa a ɗakin, ta ce a hankali, "An ce ke ma an ɗauke ki kina ƙarama." Ban san ta ina maganar ta iso mata ba. Na ce haka ne. Ta ce, "Kina tuna huskar innarki?" Na ce na manta fuskar, sai dai warin hayaƙin zanenta. Ta kama hannuna, muka zauna a bakin gado muka yi kukan da ba ta yi ba ranar nan. Daga nan zumuncinmu ya wuce na ɗinki. Na yi shekaru ina shiga gidan, ba ta taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban taɓa ce mata ta bar nata ba.

Wata Lahadi kuma muna tsaye a gindin tsamiya sai ga maza sun fito daga ƙofar gari ɗauke da wani magini a kan ƙyaure, katanga ta faɗo masa a ƙafa. Na gaba ya ce, "Malam yac ce mu kawo shi gare ki, ku taimaka ku kai shi asibiti." A cikin masu ɗauke da shi har da waɗanda suka yi mana zobe. Direbanmu, wanda da ya ce za a ƙone shi, shi ya fara sauka ya buɗe bayan mota.

Na yi shekaru ina bin motar nan har ta mutu aka bar ta kaji na ƙwai a ciki. In yau wani yaro ko yarinya suka zo suka ce mini za su ba da kansu ga irin wannan aiki, ba na hana su, ba na kuma ruɗinsu. Nakan ce za ka gaji, za ka yi asara, wata rana za a zarge ka da abin da ba ka yi ba, kuma za ka sami 'yan'uwan da uwarka ba ta haifa maka ba. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa ba. Duk wanda za ka miƙa wa hannu akwai masu shi a bayansa, su ma suna da hakki a kanka. In kuma abu ya ɓaci a hannunka, kada ka aika, kada ka jira rakiya. Ka ɗauka da kanka, ka bi ta ƙofar gaba, ka yi sallama.